GIYA MAI RUWA BIYU: YADDA TILAS TA HAIFI ƊANƊANO HUƊU A JAMUS DA AMURKA

Daga Wakilinmu

A bakin kogin Rain, a yammacin ƙasar Jamus, akwai wasu manyan birane biyu, Kolon da Duseldof, waɗanda tsakaninsu bai wuce tafiyar kilomita 40 ba. Jiharsu ɗaya, harshensu ɗaya, jirgin ƙasa kuma yana haɗa su cikin kimanin rabin sa'a. Duk da haka akwai daɗaɗɗen wasa tsakanin mutanensu, mai kama da wanda ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, kuma babban abin da ake yin wasan a kansa shi ne giya. Mutanen Kolon suna da tasu mai ruwan zinariya wadda suke kira Kölsch, mutanen Duseldof kuwa suna da tasu mai launin tagulla wadda suke kira Alt. Baƙon da ya kuskura ya nemi Alt a mashayar Kolon, ko Kölsch a mashayar Duseldof, to, ya shirya shan baƙar magana daga bakin mai raba abin sha.

Mun sani yawancin masu karanta wannan jarida addininsu ya haramta musu giya, ba kuwa talla muke yi mata ba. Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne a ga yadda ƙananan masu sana'a suka yi da zamani ya zo musu da abokin gasa wanda ya fi su ƙarfi, da yadda wasunsu suka tsira, wasu kuma suka durƙushe. Domin waɗannan giya biyu, da wasu biyu na ƙasar Amurka da za mu ambata a gaba, duk tilas ce ta haife su. Masana sana'ar suna sa su a aji ɗaya, watau ajin giya mai ruwa biyu.

YIS IRI BIYU

Kafin a gane ma'anar ruwa biyu, sai an san yadda ake dafa giyar Turawa. Kayan haɗinta huɗu ne: ruwa, da tsiron sha'ir, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, sa'an nan da yis. Ana jiƙa sha'ir har ya fara tsiro, a busar da shi da zafin wuta, a ɓarza, a jiƙa da ruwan zafi har sitacin cikinsa ya koma sukari. Sai a tace, a tafasa ruwan tare da hof, wanda shi ke kawo ɗaci da ƙanshi. In ya huce sai a zuba yis, shi kuma ya cinye sukarin, ya bar barasa da iskar da ke sa kumfa.

Yis ɗin nan iri biyu ne. Na farko dangin wanda ake sa wa burodi ne. Yana son ɗumi, kamar digiri 15 zuwa 22 a ma'aunin santigireti, yana gama aikinsa cikin 'yan kwanaki, kuma yakan taso saman tukunya tare da kumfa. Saboda haka ake ce masa yis na sama. A cikin ɗumin nan yakan fitar da wasu sinadarai masu ƙanshin 'ya'yan itatuwa, kamar na ayaba ko tuffa. Na biyu yana son sanyi, kamar digiri 7 zuwa 13, yana aiki a hankali, ya kwanta a gindin tukunya. Shi ne yis na ƙasa. Giyar da aka yi da shi ana ajiye ta makonni a wuri mai tsananin sanyi, sai ta fito garau, ba ƙanshin 'ya'yan itace, daga ɗanɗanon hatsi sai ɗacin hof. Ita ce ake kira laga, daga kalmar Jamusanci mai nufin ajiya.

Giya mai ruwa biyu ita ce wadda aka karya wannan ƙa'ida wajen yinta. Ko dai a ɗauki yis na sama a sa shi aiki cikin sanyi, a kuma ajiye giyar kamar laga, ko kuwa a ɗauki yis na ƙasa a sa shi aiki cikin ɗumi. Jamusawan bakin Rain sun bi hanya ta farko. Mutanen San Faransisko sun bi ta biyu.

GUGUWAR DA TA TASO DAGA BOHEMIYA

A zamanin da, wurin da ke da sanyi da koguna da ƙanƙara ne kaɗai ke iya yin laga mai kyau, kamar ƙasar Bavariya da ke kudancin Jamus. Kwarin Rain bai kai can sanyi ba, abin da aka gwada yi da yis na ƙasa yakan lalace. Har ma a shekarar 1603 majalisar birnin Kolon ta umarci masu dafa giya da su tsaya ga yis na sama.

A shekarar 1842 wani mutumin Bavariya mai suna Josef Groll ya dafa wata sabuwar laga a garin Pilsen na ƙasar Bohemiya, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Cek. Fara ce sol, mai ruwan zinariya, ana hango hannu ta bayan tambulan. Daga sunan garin aka sami sunanta, Pils. Bayan haka abubuwa uku suka ba ta ƙafa. Jirgin ƙasa ya kai ta ko'ina. A cikin shekarun 1870 injiniya Carl von Linde ya ƙera injin sanyi, wanda ya sa aka daina dogara ga ƙanƙarar hunturu. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, masanin da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg a Kofanhegan, ya gano hanyar ware yis tsantsa iri ɗaya a riƙa renonsa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 manyan masana'antu masu jari sun cika kasuwa da laga, ƙananan gidajen dafa giya kuwa suka yi ta rufewa.

Waɗanda suka rage a Kolon da Duseldof sai suka yi dabara. Suka riƙe yis ɗinsu na gado, amma suka ari rabin hanyar abokin gasa. Suka rage zafin da yis ke aiki a cikinsa zuwa ƙarshen abin da zai iya jurewa, sa'an nan suka riƙa ajiye giyar a sanyi kusa da daskarewa har wajen wata guda ko fiye. Sanyin farko yana hana yis fitar da ƙanshin 'ya'yan itace da yawa. Ajiyar kuma tana ba shi lokacin da zai share wasu sinadarai da ya bari, irin mai ƙanshin man shanu, sa'an nan ya kwanta, giyar ta tace. Hanyar birane biyun ke nan, kusan iri ɗaya. Inda suka rabu shi ne wajen gasa tsiron sha'ir da yawan hof.

KÖLSCH: MAI SAUƘIN BAKI

Mutanen Kolon sun zaɓi su tari Pils a filinta, watau wajen fari. Suna amfani da tsiron da aka busar da wuta kaɗan, wanda bai canza launi ba. Ana barin yis ya cinye kusan dukan sukarin, saboda haka ba ta da kauri, ba ta kuma barin zaƙi a baki. Wanda ya san ta yakan ce da farko ana jin ɗanɗanon hatsi mai laushi kamar cikin burodi, da ɗan ƙanshin tuffa ko inabi wanda sai an natsu ake kama shi, daga ƙarshe ɗaci kaɗan ya biyo baya ya wuce. Wannan ɗan ƙanshin shi ne sawun yis na sama, shi ne kuma ya raba ta da Pils, wadda ta fi ta ɗaci. A ma'aunin ɗaci da masu sana'ar ke amfani da shi, Kölsch takan tsaya tsakanin 18 da 30. Barasar da ke cikinta kimanin kashi 4.8 ce daga cikin 100.

Sunan bai daɗe kamar yadda ake zato ba. Kamfanin Sünner ne ya fara tallar giyarsa da sunan Kölsch a 1918. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai gidajen dafa giya fiye da 40 a Kolon, amma da aka gama ruwan bama-bamai biyu kaɗai suka rage a tsaye. Bayan yaƙi ne, sa'ad da ake sake gina birnin, Kölsch ta zama abin da mutanen gari ke tutiya da shi, har ta ture Pils a mashayunsu.

Sauƙin bakinta ne ya kawo irin yadda ake raba ta. Da yake ɗanɗanonta ba ya jure zama, in ta ɗumama ko iskarta ta fita sai ta zama lami, ana zuba ta a wani siririn tambulan dogo mai cin kashi ɗaya daga biyar na lita. Mai rabawa, wanda ake kira Köbes, yana sanye da shuɗin bante na aiki, yana yawo da wani tire mai ramuka da mariƙi a tsakiya. Ba ya jiran a kira shi. Da ya ga tambulan ya ƙare sai ya dire sabo, ya ja layi da fensir a kan ɗan faifan kwalin da ake ɗora tambulan. Wanda ya ƙoshi sai ya rufe bakin tambulan da faifan, a ƙirga layuka, ya biya.

ALT: MAI GARDI DA ƊACI

Kalmar Alt a Jamusanci tana nufin tsoho. Ba giyar ce ta tsufa ba, hanyar yinta ce ta da, wadda ake bi kafin zuwan laga. Mutanen Duseldof ba su bi yayin fari ba. Suna haɗa farin tsiro da wanda aka gasa da wuta sosai, har da ɗan kaɗan na wanda aka toya ya yi baƙi. Duk wanda ya san bambancin ɗanyar gyaɗa da soyayya ya san abin da wuta ke yi wa hatsi. Ita ke kawo launin tagulla, ita ke kawo gardi irin na ɓawon burodi. Don kada gardin ya koma zaƙi, sai a ƙara hof. Ɗacin Alt yakan fara daga wajen 25 ya kai 50 a wancan ma'auni, watau mai ƙarfinta ta ninka Kölsch. Amma wajen barasa kusan kunnen doki suke.

Tsofaffin gidajen da suka riƙe wannan sana'a har yanzu sunayensu na bakin mutane: Schumacher, wanda ya faro a 1838, da Füchschen na 1848, da Schlüssel na 1850, da Uerige na 1862. Kowanne yana dafa tasa, yana sayar da ita a gidansa daga ganga, kuma masu sha suna rarrabe su. An san ta Uerige da tsananin ɗaci, ta Schumacher kuwa da laushi da ɗanɗanon hatsi. Sau biyu a shekara, a watan Janairu da na Oktoba, gidan Uerige yakan fitar da wata mai ƙarfi da ake kira Sticke, wadda aka ƙara wa tsiro da hof.

HARSHE NE KO IDO?

Ga wanda ya ji wannan bayani, sai ya ce ai ko makaho ya raba Kölsch da Alt. To, a shekarar 2016 wani malamin babbar makarantar koyon sana'o'i ta Duseldof, Farfesa Helmut Quack, ya gwada. Ya tara maza 100 masu shekaru 35 zuwa 65, hamsin daga Kolon, hamsin daga Duseldof. Da aka ba su giyar ba tare da sun ga launinta ba, kashi 55 daga cikin 100 na amsoshinsu ne kawai suka dace, abin da bai fi canki-canka ba sai da kaɗan. Da aka bar su suka ga abin da suke sha, sai mafi yawansu kowa ya yabi ta garinsu. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Jaridun Jamus sun yi ta raha da wannan sakamako. Amma ya kamata a lura cewa samfuri ɗaya aka ɗauka daga kowane ɓangare, alhali kuwa tazarar da ke tsakanin Alt mai laushi ta babbar masana'anta da mai ɗaci ta tsohon gari ba ƙarama ba ce. Abin da gwajin ya nuna a fili shi ne kusancin asalinsu. Yis ɗinsu dangi ne, sanyinsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, ido kuwa yana riga harshe yanke hukunci. Sauran gardamar tarihi ne ke hura ta. Duseldof ta sami matsayin birni a 1288, bayan yaƙin Worringen inda aka ci Babban Bishop na Kolon. A 1946 kuma hukumar sojan Ingila ta mai da ita hedkwatar sabuwar jiha, ko da yake Kolon, mai mutane fiye da miliyan ɗaya, ta fi ta girma da daɗewa. Mutanen Kolon ba su manta ba.

AMURKA: AN JUYA DABARAR

Da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, mutane suka yi ta kwarara zuwa San Faransisko, cikinsu har da Jamusawa masu dafa giya waɗanda suka zo da yis na ƙasa. Sai suka tarar ba ƙanƙara mai araha, injin sanyi kuwa ba a ƙera shi ba tukuna. Dabarar da suka yi ita ce zuba tafasasshen ruwan a faffaɗan kwanoni marasa zurfi domin iskar teku ta fifita shi, sa'an nan su bar yis na ƙasa ya yi aiki a ɗumin da bai saba da shi ba, kamar digiri 15 zuwa 18. Aka kira ta Steam, watau tururi. Wasu sun ce saboda tururin da ke tashi daga kwanonin da ke kan rufin gidaje ne, wasu kuma sun ce saboda ƙarar iskar da ke fita in an huda ganga. Giyar leburori ce mai araha.

A ɗanɗano, Steam ta fi kusa da Alt. Launinta ja-ja ne, tana da gardi da ɗan zaƙin ƙonannen sukari, da kumfa mai yawa, da ɗan ƙanshin 'ya'yan itace wanda ɗumi ya tilasta wa yis ɗin fitarwa. Abin da ya raba ta da 'yar uwarta ta Duseldof shi ne irin hof ɗin da aka san ta da shi a zamanin nan, mai suna Northern Brewer, wanda ke ba da ƙanshin itace da na na'a-na'a, alhali hof ɗin Jamus ya fi karkata ga ƙanshin fure da kayan yaji.

A gabashin Amurka kuwa masu yis na sama ne suka ga laga na ƙwace musu kasuwa, sai suka ƙirƙiro Cream Ale. Sunan yana nufin mai kirim, amma babu ko ɗigon madara a cikinta. Fara ce kamar Kölsch, ana kuma ajiye ta a sanyi, wasu ma sukan gauraya ta da laga. Bambancinta shi ne masara. Ana maye wani kashi na sha'ir da masara, wani lokaci da shinkafa, abin da ke rage mata kauri ya bar ɗan zaƙi-zaƙi, ɗacinta kuma bai cika wuce 20 ba. A cikin huɗun ita ce mafi ƙarancin ɗaci. Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Genesee na garin Rochester a Jihar New York, wadda ta fito a 1960. A Kolon ba za a yarda da masara ba, domin ƙa'idar tsabtar giya ta Jamus, wadda asalinta dokar Bavariya ce ta 1516, ba ta ba da wannan dama ba. Irin wannan canji na hatsi ba baƙo ba ne a Nijeriya, inda hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 ya sa masana'antu suka koma ga dawa da masara.

SUNA NA WANE NE?

Abin da ya sami waɗannan giya daga baya ya danganta da yadda aka riƙe sunayensu. Dokar hana giya ta Amurka, daga 1920 zuwa 1933, ta kashe yawancin gidajen Steam. Wanda ya rage shi ne Anchor, mai wannan suna tun 1896, shi ma yana gab da rufewa a 1965 sa'ad da wani saurayi mai suna Fritz Maytag ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Ya gyara aikin, ya fara sa giyar a kwalba a 1971, ya zama abin koyi ga ɗaruruwan ƙananan masana'antu da suka biyo baya. A 1981 kamfanin ya yi rajistar sunan Steam ya zama mallakarsa shi kaɗai. Daga nan duk wani mai yin irinta a Amurka sai dai ya kira ta California Common. A 2017 kamfanin Sapporo na Japan ya sayi Anchor, a watan Yuli na 2023 kuma aka rufe shi saboda faɗuwar ciniki, bayan shekara 127. Da ƙofa ɗaya ta rufu, sunan ya tafi da ita. A 2024 Hamdi Ulukaya, attajirin da ya kafa kamfanin yogot na Chobani, ya sayi masana'antar, ya ce yana nufin farfaɗo da ita.

Mutanen Kolon sun bi wata hanya dabam. A ranar 6 ga Maris, 1986, gidajen dafa giya 24 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya wadda ta fayyace abin da za a kira Kölsch: ta zama fara, tatacciya, wadda aka yi da yis na sama, yis ya cinye sukarinta sosai, ana jin hof a cikinta, kuma a Kolon aka dafa ta, in ban da 'yan gidajen kewaye da suka riga suka saba yi. A 1997 Tarayyar Turai ta sa sunan cikin waɗanda doka ke karewa saboda wurin da suka fito. Sunan ya zama na gari, ba na kamfani ba. Gidaje da dama daga cikin 24 ɗin nan sun rufe ko an haɗiye su, amma Früh da Gaffel da Reissdorf da Päffgen suna nan suna gasa da juna a ƙarƙashin suna ɗaya. Kariyar dai ba ta kai Amurka ba, shi ya sa masana'antun can ke rubuta sunan a kwalabensu.

Alt ba ta da irin wannan yarjejeniya, kowa na iya yinta a ko'ina. Manyan masana'antun da suka yaɗa ta a shekarun 1970 da 1980 sun ga cinikinsu ya ragu ƙwarai, amma ƙananan gidajen da ke dafawa suna sayarwa a zaurensu sun riƙe mutanensu.

Yanzu wata sabuwar tilas ta taso. A 1976 abin da kowane mutum ɗaya ke sha a Jamus ta Yamma, in an raba daidai, ya kai wajen lita 150 a shekara. A 2023 ya sauko ƙasa da lita 90 a haɗaɗɗiyar Jamus, matasa kuma suna ƙara juya wa barasa baya. Manyan gidajen Kolon sun shiga yin samfurin da ba shi da barasa, kuma a nan ma ɗanɗano ne matsalar. In an tsayar da yis tun bai gama aiki ba, sukari yakan rage, abin sha ya yi zaƙi. In kuwa an bar shi ya gama sa'an nan aka cire barasar, ɗan ƙanshin nan na tuffa yakan bi ta ya tafi. Alt da Steam suna da gardi da ɗaci da za su rufe wannan giɓi, amma Kölsch ba ta da abin fakewa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, kuma jikokin waɗanda suka ari sanyin laga fiye da shekara 100 da suka wuce su ne ke wannan lissafi a yau.